Sanarwar da 'Ya'yanta Ba Su Ji Ba

Ranar Talata da hantsi Goggo ta cika, yayar mahaifinmu, a ɗakinta da ke gidanmu na unguwar Nima, bayan ta sha koko ta ce a buɗe mata taga. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin a gama lulluɓe ta Baba ya aika wa ladan, ladan ya kunna lasifikar masallaci ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Turanci saboda maƙwabta. Masallatan unguwar Maamobi suka ɗauka, na unguwar Kanda ma suka ɗauka. Kafin azahar babu wurin sa ƙafa a tsakar gidanmu.

Matan layinmu na kasuwa, masu sayar da atamfa irina, suka rufe rumfuna suka zo. Wata tsohuwa ta faɗi a bakin ƙofa tana cewa, "Madam ya tafi? Ei, Madam ya tafi ya bar mu!" Malaman makarantar da ta shugabanta suka zo cikin baƙaƙen kaya, rabinsu Kiristoci ne, suka tsaya a zaure ba su san inda za su zauna ba sai da aka shimfiɗa musu tabarma. Wani tsohon mahauci yana share hawaye da bakin riga ya ce wa Baba, "Alhaji, wannan mata shi ya sa ni na ci ganye a tsakiyar kasuwa. Wallahi na yafe. Allah ya sa shi ma ya yafe mini." Waɗanda suka san labarin suka yi dariya cikin kuka. Bayan la'asar aka kai ta. Da maza suka dawo daga maƙabarta Baba ya zauna ya ce, "Alhamdu lillahi, Yaya ta samu jama'a."

Washegari da safe maƙwabciyarmu, wata Ba'asantiya mai sayar da dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, ta shigo gaisuwa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Due, due," wato sannu da rashi a yarensu. Sai ta dubi tsakar gida ta sake duba.

"Ina yaran Madam?"

Na ce, "Maame, kin san ai Goggo ba ta taɓa haihuwa ba."

"Ba wannan ba. Yaran sukul. Masu magana da hannu. Jiya ko ɗaya ban gani ba." Ta dube ni. "Ina ƙaninki?"

Butar da ke hannuna ta faɗi. Matar da ta ƙarar da rayuwarta tana koyar da kurame, da lasifika muka yi sanarwar mutuwarta. Duk mai kunne a Nima ya ji. Ɗalibanta ne kawai ba su ji ba, kuma a cikinsu har da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, kafinta a unguwar Malam, wanda take so fiye da mu duka. Yana can yana aikinsa muka yi mata wanka, muka yi mata salla, muka binne ta. Ni na zaci Baba ya aika, Baba ya zaci na aika, gaskiyar kuma ita ce duk wani saƙo da ya taɓa zuwa wurin ƙanena daga gidan nan, Goggo ce take kai shi.

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Je ki. Ni ba zan iya ba."

Ni ma ban iya ba, kuma dole in faɗi dalili, ko da ba zai yi mini daɗi ba.

Ƙanena yana da shekara uku sanƙarau ya kama shi. Ya tashi, amma kunne ya tafi. Lokacin Goggo malamar firamare ce, ɗaya daga cikin ƙalilan 'yan matan Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa, da aka bari suka yi boko. Ta nemi a tura ta koyon aiki a wata makarantar kurame da ke kan tsaunuka bayan gari. Ta yi shekara biyu a can, ta dawo a farkon shekarun saba'in da hannayen da ba sa zama wuri ɗaya. Ko addu'ar cin abinci take yi, sai ka ga yatsunta suna motsi.

Ranar da ta ce za ta tafi da yaron makaranta suka yi faɗan da ban taɓa ganin irinsa ba tsakaninta da Baba. Baba tela ne, ya gaji da yawon neman magani, ya haƙura.

"Yaya, bar shi. Haka Allah ya yi shi. In ya girma zai zauna kusa da ni ya koyi ɗinki."

"Ya koyi ɗinki, madalla. In cikinsa ya yi ciwo, da me zai gaya maka? In wani ya zalunce shi a lungu, da me zai faɗi sunansa?"

"Mutane za su yi ta kallonsa."

"Su kalla. Ido aka ba su."

Ta goya shi, yaro mai shekara shida ƙafafunsa suna reto, ta fita. Wata guda Baba bai gaishe ta ba, ita kuwa kullum da safe sai ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta gaishe shi da ƙarfi, ta amsa wa kanta.

A ɗakin ajiyar kayan makarantar da take koyarwa ta fara ajin kurame, da benci biyu. Ta bi gidajen Nima da Maamobi ɗaya bayan ɗaya tana zaƙulo yaran da aka ɓoye a ɗaka. Ta san gidan da ake cewa ba kowa alhali akwai. Takan zauna a tsakar gida ta buɗe jakarta ta ce ba ta sauri, sai an kawo mata ruwa, sai an kawo mata abinci, har masu gida su gaji su fito da yaron. Kalma ɗaya ce ba a faɗa a gabanta, ita ce "mumu", abin da mutanen gari ke kiran kurma da shi. In ta ji sai ta tsaya cak.

"Yana da suna. An yanka masa rago kamar yadda aka yanka maka."

Labarin mahauci kuwa, ga shi. A garin nan in ana son a ci mutuncin kurma, ganye ake sawa a baki a gabansa, wai shi da akuya ɗaya ne. Wata rana Goggo ta ratsa kasuwa da ɗalibanta a jere, sai mahaucin nan, lokacin yana ji da ƙarfinsa, ya ɗauki ganyen da ake naɗe nama da shi ya sa a baki. Yaran suka gani. Goggo ta jera su a gaban teburinsa, ta aje jakarta a kan sikelinsa.

"Ka cinye shi."

"Madam, wasa ne nake yi."

"Mu ma kallon wasan muka tsaya yi. Tauna."

Kasuwa ta taru. Mutum mai wuƙa a hannu ya tauna ganye ya haɗiye, yara suna tafi. Bayan shekara biyu shi da kansa ya kawo mata 'yar ƙanwarsa da aka haifa ba ta ji.

Da aka ba ta shugabancin makarantar gaba ɗaya, masu ji da marasa ji, abin da ta fara yi shi ne ta sauke ƙararrawa. Ta ɗaura koren ƙyalle a kan gora. In ya hau sama an shiga aji, in ya sauko an tashi. Malamai suka yi gunaguni, ta ce wanda bai iya ɗaga kai ya dubi ƙyalle ba, bai kamata a ba shi 'ya'yan mutane ba. Ta hana malami yin magana yana fuskantar allo. Ta sa kowane yaro mai ji ya koyi haruffa da yatsu, har sai da iyaye suka zo ƙara wai 'ya'yansu suna zaginsu da hannu a gida. Ta kira yaran ta tambaya, ta tarar gaskiya ne, ta yi musu bulala, amma ba ta janye dokar ba.

An taɓa turo wani jami'i daga ofis da umarnin cewa kurame su zauna a kan hannayensu, a koya musu magana da karanta leɓe kawai. Goggo ta ba shi kujera, ta ba shi ruwa, ta roƙe shi ya toshe kunnensa da auduga. Ta fita ta tsaya a bayan gilashin taga ta yi masa magana da Hausa, yaren da bai sani ba. Ta dawo ta ce, "Ranka ya daɗe, me na ce?" Ya zare audugar ya fita. Bayan mako biyu takardar gargaɗi ta iso. Na gan ta da idona tana fifita da ita lokacin zafi.

Ɗabi'arta da kowa ya sani ita ce kama haɓa. In za ta yi magana da yaro, mai ji ko marar ji, sai ta sa yatsu biyu ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa gare ta. "Dube ni tukuna." Ta yi wa malamai, ta yi wa Baba da furfurarsa, an ce ta taɓa yi wa liman. Kurame ba sa kiran mutum da sunan da aka raɗa masa, su suke sa masa nasu da hannu, gwargwadon abin da suka gani a jikinsa ko halinsa. Sunan Goggo a wurinsu shi ne a kama haɓa da yatsu biyu a juyo ta. Da yawansu har suka girma ba su san tana da wani suna ba.

Ni ma ina da nawa. Ƙanena ne ya sa mini: a ɗora tafin hannu a kunci a ɗan tura gefe. Na tambayi Goggo ma'anarsa ina 'yar shekara goma sha biyu. Ta ce, "Kumatu ne. Ba ki ga kumatunki ba?" Na ji daɗi, na yarda, na riƙe wannan kusan shekara arba'in.

Ta so ta koya mini maganar hannu. Na koyi abinci, ruwa, zo, tafi, da sunayen mutanen gida, na tsaya a nan. Kunya nake ji. In muna cikin trotro, motar haya, ni da ƙanena ya fara yi mini magana, hannayensa suna tashi, sautin nan yana fita daga maƙogwaronsa, mutane suna juyowa, sai in mai da fuskata wajen taga in yi kamar ba tare muke ba. Goggo ta kama ni sau ɗaya. Ba ta doke ni ba. Ta ce, "In kin kau da kai, kin toshe masa baki ne. Ki sani." Na ce to, na ci gaba da abina. Me zai dame ni, tunda Goggo tana nan? Da ƙanena zai yi aure ita ta faɗa mana. Da na haihu ita ta faɗa masa. Bayan ta yi ritaya, duk Juma'a in an sauko daga masallaci zai zo daga Malam da burodi mai zafi, su zauna a tabarmarta hannaye suna ta kai da komo, ta yi dariya har ta share ido. In na ce, "Goggo, me ya ce?" sai ta ce, "Ga shi nan a gabanki, tambaye shi." Sai in yi dariya in wuce kicin.

To, ranar Laraban nan na hau trotro biyu zuwa Malam, ni kaɗai, ba Goggo.

Ban taɓa zuwa rumfarsa ba sai da na yi tambaya. Yana goge katako ya hango ni. Fuskarsa ta washe, ya jawo mini benci, ya share shi da rigarsa. Wannan murnar tasa ita ce har yau take hana ni sukuni. Na kama haɓata na juyo, sunan Goggo. Ya gyaɗa kai yana jira. Sai na tarar ban san yadda ake cewa mutuwa ba. Na ɗora kai a kan hannu kamar mai barci. Ya ɗaga gira, ya yi alamar ciwo, ya fara neman takalmansa zai bi ni ya duba ta. Na riƙe shi. Na zare fensir daga bayan kunnensa na rubuta a jikin katakon da Turanci, domin shi ne abin da aka koya masa karantawa, Hausarmu bai taɓa jin ta ba.

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya karɓi fensir ya rubuta, yaushe? Na rubuta, jiya. Ya rubuta, jana'iza? Na rubuta, an yi. Ya rubuta, yaya mutane suka sani? Na rubuta masa, lasifikar masallaci.

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ban taɓa ji ba, masu shagunan kusa suka leƙo. Kuma, Allah ya gafarta mini, wuyana ya fara juyawa. Ya gani. Ya ɗora tafin hannu a kuncinsa ya tura gefe a hankali, sunana. Sai ya rubuta a ƙasan katakon: Ba kumatu ba ne. Mai kau da fuska ne. Ni na sa miki. Goggo ce ta hana in gaya miki.

Ya aje fensir, ya juya ya fuskanci bango, ya rufe idanunsa. In kurma ya rufe ido babu ta inda za ka shiga. Na tsaya har ƙafata ta gaji, na dawo gida.

An ce ya je maƙabarta shi kaɗai ya sa aka nuna masa kabarin. Gidanmu kuwa bai tako ba. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Baba yakan zauna a zaure bayan an sauko daga masallaci yana kallon hanya. Ni kuwa in na shiga ɗakin Goggo na ga tabarmar a naɗe a jikin bango, sai in ji kamar in kira ta in ce ta zo ta gyara wannan ma, kamar yadda ta saba. Na yi kewarta, kuma na yi fushi da ita. Don me ta rufa mini asiri? Da ta faɗa mini gaskiya tun ina yarinya, wataƙila da na gyaru. Wataƙila kuma ta san halina, ta san da na ji haushi na ƙara nisa. Ba ni da wanda zan tambaya yanzu.

Matar ƙanena ce ta zo. Ita ma kurma ce, ɗalibar Goggo, tela. Wata safiya na ɗago kai na gan ta tsaye a gaban rumfata. Ba ta gaishe ni ba. Ta ɗauki atamfa ta nuna mini, ta yi alama da hannu, ta jira. Na kwaikwaya. Ta girgiza kai, ta kama yatsuna ta lanƙwasa su da ƙarfi har na ce wash. Haka muka fara. Kullum da safe sai ta zo tun daga Malam, ta yi awa guda ta koma. Ta ce yatsuna kamar busasshen rogo suke, kuma wannan ce cikakkiyar magana ta farko da na fahimta da hannu. Masu ciniki suna tsayawa kallo. Wata ta ce, "Hajiya, kai ma ka zama mumu ne?" Na ji bakina ya ce, "Tana da suna," kafin in yi tunani.

Ita ce ta baza labarin sadakar arba'in a cikin kurame, daga hannu zuwa hannu. Na tambaye ta ko mijinta zai zo. Ta ɗaga kafaɗa.

Ranar arba'in da asuba ta wuce, Baba ya buɗe akwatin Goggo ya ciro koren ƙyallen nan, ya koɗe, gefensa ya zare. Ya zauna a kekensa ya yi masa kalmasa, ya ɗaura a gora ya kafa a ƙofar gida. Maƙwabta suka yi ta tambayar ko tutar wata ƙungiya ce.

Ɗaliban Goggo suka zo. Maza masu furfura, mata da goyo, wasu da hula wasu da sarƙar gicciye a wuya, daga unguwannin da ban taɓa takawa ba, wasu sun kwana a mota. Duk wanda ya hango ƙyallen sai ya tsaya ya kama haɓarsa. Tsakar gida ta cika kamar ranar farko, sai dai ba hayaniya, sai ƙarar awarwaro da tafin hannu yana bugun tafin hannu. Liman ya yi addu'a, ya roƙa mata gafara da hasken kabari, suka ɗaga hannu da suka ga mun ɗaga, suka shafa da suka ga mun shafa. Allah ya karɓa, ya sa abin da ta shuka a cikin yaran nan ya riske ta. Ƙanena yana can ƙarshe, jingine da bango kusa da zaure, bai shigo sosai ba.

Sai na miƙe. Abu huɗu na haddace, na yi ta maimaita su a gaban madubi. Goggo ta rasu ranar Talata. Da baki muka faɗa. Mun manta da ku. Ku yafe mana.

Uku na farko sun fita, a karkace amma sun fita. Na ga wata tsohuwa tana gyaɗa kai tana hawaye. Na zo na huɗu. Yafiya a yarensu da kan yatsu ake shafa tafin hannu, ni kuwa na shafa da tafin gaba ɗaya, wanda ke nufin gogewa. Na tsaya a gaban ɗaliban Goggo na ce musu, ku goge mu.

Dariya ta ɓarke, irin dariyar kurame da ba ta san ƙarfinta ba. Matar ƙanena ta rufe fuska da mayafi. Kunya ta rufe ni, hawaye suka zo, kuma wuyan nan nawa ya yi abin da ya saba. Na mai da fuskata wajen bango.

Ban ji tahowarsa ba. Ƙamshin katako na fara ji. Sai yatsu biyu masu kaushi suka kama haɓata suka juyo da ni. Ƙanena ne, idanunsa jawur. Ya ɗauki hannuna ya tattara yatsuna, ya shafa kansu a tafina sau biyu, yadda ya kamata. Sannan ya saki, ya yi alamar yafiyar da nasa hannun, gare ni, ya juya ya yi wa Baba.

Ya sake kama haɓata, bai saki da wuri ba, ni ma ban janye ba. Tsakar gida ta yi tsit, domin duk wanda ke wurin ya karanta abin da hannunsa ke faɗa a fuskata. A yarensu haka ake kiran sunan Goggo.